Igiya Mai Jijiya Biyu

Ni ce mai ilimin kwamfuta a gidanmu, kuma ban taɓa barin kowa ya manta da hakan ba. Shekara da shekaru ina zaune a bayan tebur a wani shagon buga takardu a Lafia, ina buga wa ɗalibai aikin makaranta, ina buga wa masu neman aiki takardun da ba wanda zai karanta. Idan na je gida Kwandere ranar Asabar, kafin in cire mayafi an jere mini wayoyi. Wannan ba ta ƙara, wannan ta cika, wannan hoton jika ya ɓace. Ina gyarawa ina yi musu tsiya, kuma ina jin daɗin abin, ba zan ɓoye ba. Shi ya sa abin da ya faru ba ni da wanda zan jingina wa shi sai kaina.

Babanmu manomi ne. Gonarsa tana gangarowa daga hanya har bakin wani ɗan rafi, kuma a can ƙasa, ta gefen gabas, nan gayaunar Inna take, mahaifiyarmu. 'Yar gona ce da Baba ya yanka mata tun tana amarya. Gyaɗa take shukawa, da kuɓewa da yakuwa a baki-baki. Da ita take sayen sabulunta da maganin hawan jininta, da ita take yin gudummawar biki ba tare da ta miƙa wa kowa hannu ba. Inna ba ta da zinare, ba ta da akuya ko ɗaya. Gayaunar nan ita ce abin da za ta nuna ta ce nawa.

Maƙwabcin gonarmu ta gabas wani dattijo ne Kirista, mutumin Binuwai, wanda ya zo tun yana saurayi kakanmu ya ba shi wuri. Shi da Baba tare suka tsufa, yau faɗa kan awaki, gobe aron fartanya. Iyakarsu wata ɗorawa ce. Wata damina iska ta kayar da ita, masu gawayi suka kwashe gangar jikin, sai kututture ya rage, shi ma gara ta fara shiga. Wata Asabar Baba ya ce in biyo shi gona da wayarsa. Ni na saya masa ita, ƙarama mai shafawa, shi kuwa bai san komai a cikinta ba sai ɗaga kira da sauraron karatu. Ya kira dattijon, su biyu suka taka iyakar daga hanya har rafi, ni ina biye ina ɗaukar bidiyo. A kan kututturen suka tsaya, kowa ya ɗora hannu. Baba ya ce daga nan ya yi yamma nasa ne. Dattijon ya ce haka ne, tun zamanin mahaifinka haka ne. Har Inna ta fito a ciki, tana duƙe a gayaunarta tana cewa in daina haska ta, ba ta yi wanka ba.

Da wayarsa na ɗauka don tawa ta cika. Bidiyon dogo ne, turawa zai cinye mini data, ga shi a gona ba sabis. Na ce wani satin zan tafi da wayar shago in kwafe shi. Shekara biyu ina cewa wani satin.

A gona ciwon ajali ya kama Baba. Ya faɗi a kan ƙugunsa, wayar tana cikin aljihu. Kwana huɗu ya yi a asibiti ya cika, Allah ya jiƙansa. Wayar kuwa ba ta mutu ba, fuskarta ce kawai ta yi baƙi ƙirin. Har bayan sadakar bakwai waɗanda ba su ji rasuwar ba suna kira, muna zaune muna jin ta tana ƙara a kan taga, ba halin ɗagawa.

Shi ma dattijon kafin nan shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da shi, baki ya karkace, magana ta ɗauke. 'Ya'yansa maza biyu suka dawo daga birane. Gari yana matsowa wajenmu, masu yanka fuloti suna yawo da igiyar awo, ƙasar da da ake bayarwa don zumunci ta zama abin da ake kwana da shi a rai. Kututturen kuwa gara da wutar daji sun gama da shi, ko alama babu. Sai 'ya'yan suka ce iyakar wata kaɗanya ce da ke tsaye can cikin gonarmu. Ba na cewa ƙarya suka shirya. Sun bar ƙauye tun suna yara, sun tuna bishiya ce iyaka, suka duba suka ga bishiyar da ke tsaye. Amma tsakanin inda ɗorawa take da inda kaɗanya take, gayaunar Inna ce kaf ɗinta.

Mai unguwa ya sa ranar Asabar za a zauna. Ranar Litinin babban wanmu ya zo shago da wayar Baba a naɗe cikin baƙar leda. Ya jira har wanda nake yi wa aiki ya fita, sannan ya sunkuyo.

"Kin ce yana ciki."

"Yana ciki, Yaya. Da hannuna na ɗauka."

"To ki fito da shi kafin Asabar. Amma ki ji ni da kyau, kada wani mahaluki ya san abin da ke cikin wayar nan. In suka ji, wayar za ta yi ƙafa."

Haka muke da maganar ƙasa a wajenmu. Ba a yin ta a kasuwa, ba a yin ta a cikin mota, ko a gida sai an leƙa ƙofa. Ban ga laifin gargaɗinsa ba. Na ce masa ya kwantar da hankalinsa, wannan aikin minti goma ne.

Kuma da gaske haka ya kamata ya zama. Canza fuskar wayar ba zai yiwu ba, na tambaya an ce samfurin ya tsufa, sai an aiko daga Legas, kuma ba kafin mako biyu ba. Amma ban damu ba. Baba bai taɓa sa wa wayarsa makulli ba, kuma can baya da nake zuba masa karatu, da zarar na jona ta da kwamfuta take buɗewa da kanta. Igiya kawai nake bukata. Wadda ta zo cikin kwalin wayar ta daɗe da karyewa a wuya, Inna ta ɗaure bakin buhu da ita, shi kuwa Baba wajen mai caji yake kai wayarsa. Igiyoyin shagonmu duk masu sabon kai ne, wanda ake cewa taif si, mai shiga ta ko'ina ka juya shi. Wayar Baba tsohon baki gare ta, ɗan siririn nan mai gefe ɗaya.

Na fita da azahar, rana tana dukan ƙeya, na je bakin tasha inda masu kayan waya ke kafa tebur a ƙarƙashin laima. Na tsaya wajen wani mai furfura a gemu. Igiyoyi sun sauko daga laimarsa kamar taliyar da aka shanya, farare da baƙaƙe da masu launin jan-baki.

Akwai yadda muke zaɓen igiyar caji a garin nan, kuma ni na ɗauki kaina gwana. Da farko ka ɗaga ta a tafin hannu ka ji nauyi, mara nauyi jabu ce. Sai ka lanƙwasa wuyanta, nan ne suke mutuwa. Sai ka duba kauri, ka ja ta ka ga ko robar za ta biyo hannunka. Doguwa ta fi gajeruwa, don soket ɗin gidajenmu kullum yana can bayan gado. Daga ƙarshe mai kaya ya jona ta a fawa bankinsa, ya sa waya, kowa ya leƙa. In alamar tsawa ta fito a kan batir, ciniki ya faɗa. Duk wanda na sani haka yake yi, domin abin da ya dame mu wuta ce. In an kawo ta awa biyu, so kake wayarka ta sha ta ƙoshi kafin a ɗauke. Ba wanda ke tambayar me kuma igiya ke iya yi.

"Anti, wane kai kake so?" in ji mai furfurar. "Taif si ko na da?"

"Na da."

Ya laluba ƙarƙashin tebur ya fito da wata 'yar siririya, gajeruwa, farinta ya koma ruwan ƙasa.

"Wannan folo-kom ne. Daga kwalin waya ya fito. An yi amfani da shi, amma orijinal ne."

Na riƙe ta da yatsa biyu na mayar masa. Na ce in tsohuwa nake so ai da na tsinta a bola. Idona yana kan wata baƙa mai kauri, an saƙa mata riga kamar igiyar takalmi, kanta mai ruwan gwal, ga ɗan haske da ke kamawa a baki in an jona. Tsawonta ya kai in zauna a kujera ita tana bango. Na ɗaga ta na ji nauyi har cikin raina.

"Wannan fas caji ne," in ji shi. "Caji za ka yi, ko?"

"To da me ake yi da igiyar caji, Baba? Shanya?"

Na kusa da shi suka yi dariya, shi ma ya yi. Har yau ina jin dariyar nan. Mutumin ya yi mini tambayar da ta dace, a lokacin da ya dace, ni kuwa na mayar masa da baƙar magana don in burge 'yan tasha. Da na ce kwamfuta zan jona, kalma uku kacal, da ya sake miƙo mini 'yar siririyar. Amma gargaɗin Yaya yana kunnena, ga kuma girman kai, ni da ke wuni a gaban kwamfuta mai tebur zai koya mini igiya? Ya jona ta a fawa banki, tsawa ta fito, na biya na tafi.

A shago na jona wayar Baba. Ta yi ɗan gurnani a hannuna, alamar tana shan wuta. Na zuba wa kwamfuta ido ina jiran 'yar ƙarar nan da take yi in ta ga baƙo. Shiru. Na cire na mayar. Na canza rami. Na kashe kwamfutar na kunna. Na koma ta mai shagon da ke kusurwa, ita ma shiru. Na hura bakin wayar, na sa tsinken sakace na fito da ƙasar gona da ta daskare a ciki, na sake jonawa. Hasken bakin igiyar yana ci, wayar tana ɗumi, kwamfuta ko a jikinta.

Ba zan ce ban zargi igiyar ba. Washegari na shiga wajen wata tela da ke maƙwabtaka da mu, na aro igiyar da take cajin fitilarta, ita ma tsohon baki ce. Na jona, wayar ta yi gurnani, kwamfuta ta yi shiru. Nan na yanke hukunci. Na ce igiya biyu daga wuri biyu ba za su haɗa baki su yi mini ƙarya ba, laifin wayar ne, faɗuwar da Baba ya yi ta taɓa wani abu a ciki. Ban tsaya na yi tunanin cewa fitila ba ta da abin da za ta faɗa wa kwamfuta, don haka ba a yi wa igiyarta hanyar magana ba.

Yaya yana kira kullum bayan azahar. Na ce masa ana kan aiki. Tsoro ya fara kama ni, kuma in tsoro ya kama ni faɗa nake yi. Ranar nan har wata ɗaliba na sa kuka kan ta kawo rubutun da ba ya karantuwa.

Ranar Laraba na ɗauki wayar zuwa layin masu gyara, inda kowa ke zaune a bayan akwatin gilashi. Biyu na farko suka juya ta suka ce in kai wa wani a ƙarshen layi, shi ne ya san tsofaffin wayoyi. Na same shi magidanci ne mai tabarau, wayoyi sun yi tsibi a gabansa, kowace da 'yar takarda a manne. Yana waya lokacin da na isa. Ina jin yaren da yake yi na gane shi. Yaren maƙwabtan gonarmu ne, na san shi tun ina yarinya, da shi dattijon ke kiran karnukansa. Na tsaya ina kallon mutumin ina ƙulla masa dangantaka a raina. Wa ya sani ko ɗan ƙanwarsu ne? Wa ya sani ko cocinsu ɗaya?

Ya gama ya ɗago. "Madam, me ya same shi?"

"Kwamfuta ba ta ganin ta. So nake ta gani."

Ya juya ta, ya danna gefe, ya kara a kunne. "Sikirin fa?"

"Bar sikirin. Kwamfuta kawai."

"Akwai wani abu mai muhimmanci a ciki?"

Na dube shi ido cikin ido na ce, "Wayar tsoho ce. Ba komai."

A tunanina wayo na yi. In ya san ba komai, ba zai leƙa ba, ba zai faɗa wa kowa ba, zai canza bakin cajin ya ba ni abata. Ya manna mata takarda, ya ce in dawo gobe. Na tafi ina yaba wa kaina.

Ranar Alhamis na same shi da fara'a. "Ya yi, Madam. Zo ka gani." Ya jawo wata igiya daga bayan kwamfutarsa, mummuna, an naɗe wuyanta da baƙin salatif. Yana jonawa kwamfuta ta yi 'yar ƙarar da na kwana uku ina jira. Wallahi sai da na ce alhamdu lillahi da ƙarfi. Na karɓi linzamin kwamfutar daga hannunsa ba tare da neman izini ba, na buɗe ma'ajiyar hotuna. Fari fat. Na buɗe ta bidiyo. Na buɗe inda na zuba wa Baba karatu. Ko'ina a share, kamar ɗakin da aka kwashe kaya.

"Me ka yi mata?"

"Filashin. Bakin caji ba shi da matsala. In kwamfuta ba ya ganin waya, yawanci sofwaya ne, sai a wanke kai a zuba sabo. Tunda ka ce ba komai a ciki, ban tsaya gwadawa ba."

Na san filashin. Ni da bakina na sha gargaɗin mutanen gidanmu kada su yarda a yi wa wayarsu, don ba ya barin komai. Na zauna a kan bencinsa. Ban san me ya sa ba, sai na buɗe jaka na fito da baƙar igiyata na miƙa masa, na ce ya gwada da wannan. Ya cire tasa ya jona tawa. Hasken bakinta ya kama. Kwamfuta ta yi shiru.

Ya dube ni ta saman tabarau. "Da wannan ka gwada a gida?"

Na gyaɗa kai.

"Madam, wannan caji kawai yake yi. Ba ya ɗaukan data."

Na ce ƙarya ne, ya duba kaurinta. Ya ce in na yarda ya yanka. Na ce ya yanka. Ya sa reza ya tsaga rigar saƙar, ya tsaga robar da ke ƙasa, roba ce zalla mai kauri. A can tsakiya jijiyoyi biyu ne sirara, ja da baƙa. Ya laluba kwandon shararsa ya ɗauko guntun wata tsohuwar igiya ya fere ta, ya ajiye su gefe da gefe. Ita huɗu gare ta. Ja da baƙa na wuta ne, in ji shi, fara da koriya su ne ke kai saƙo tsakanin waya da kwamfuta. Masu yin na arha sai su bar biyun nan, su cika wurin da roba don ta yi nauyi a hannu. Daga waje ba mai ganewa, fawa banki ma ba zai nuna ba. Hanya ɗaya ce, a jona a kwamfuta a gani, ko a tambayi mai kaya a faɗa masa aikin da za a yi.

Wato wayar Baba lafiyarta ƙalau. Tun ranar Litinin bidiyon yana zaune yana jirana, jijiya biyu ne kawai tsakanina da shi.

Sai a lokacin na faɗa masa. Abin da na ɓoye jiya don kada ya ji, yau na zazzage masa shi duka a gaban mutane, ina kuka, har da sunan ƙauyenmu. Ya cire tabarau ya riƙe a hannu.

"Madam, na tambaye ka fa."

"Ka tambaye ni."

"Na tambaye ka da bakina. Me ya sa?"

Ta yaya zan ce masa yarensa na ji? Bai ma san maƙwabtanmu ba, garinsu can wata nahiya ce daban. Ya ture wayoyin mutane gefe, ya wuni yana gwada duk wata manhajar tono da yake da ita, ni ina zaune ina kallon wani layi yana rarrafe a fuskar kwamfuta. Da la'asar ya girgiza kai. Na miƙa masa kuɗin aiki ya ƙi karɓa. Ya ce shi ma babansa manomi ne.

Ranar Juma'a na je gida na faɗa wa Yaya a zaure. Na so ya zage ni, ko ya mare ni, da na sami abin riƙewa. Bai yi ko ɗaya ba. Cewa kawai ya yi, "Inna ke za ki faɗa wa." Na shiga ciki na same ta tana ɓare gyaɗar iri a faranti, tana ware masu ƙwari gefe. Na zauna na taya ta har muka gama kwano biyu. Ban faɗa mata ba.

A ƙofar gidan mai unguwa aka zauna, maza a kan tabarmi, mu mata a gefe jikin katanga. An kawo dattijon a kan babur, ɗa ɗaya yana tuƙi ɗaya yana riƙe da shi ta baya, aka zaunar da shi a kujerar roba. Rabona da ganinsa tun kafin rasuwar Baba. Ya zube, yawu yana bin gefen bakinsa. Kowane ɓangare ya faɗi nasa. Sai mai unguwa ya ce ya ji an ce akwai hoto mai motsi, a fito da shi. Yaya bai ɗago kai ba. Inna ta juyo ta dube ni da murmushi, irin na uwar da aka zo wajen da 'yarta za ta fitar da ita kunya.

Na miƙe na ce babu. Na ce akwai shi har ranar Laraba, ni na sa aka goge bisa kuskure. Wani daga ɓangarensu ya yi 'yar dariya, kuma ban ga laifinsa ba, ni ma da ni ce a can da na yi. Na ce amma ina wurin, na ji abin da dattawan biyu suka faɗa, na ga inda suka ɗora hannu. Mai unguwa ya ce ya yarda ba zan yi ƙarya ba, amma ni 'yar gida ce, maganata maganar gidanmu ce. Ya matsa kusa da dattijon ya ɗaga murya, ya ce in ɗorawa ce iyaka ya gyaɗa kai. Kan dattijon kuwa tun da ciwon ya same shi ba ya tsayawa wuri ɗaya, rawa yake yi ba fasawa. Mu muka ce ya gyaɗa. Su suka ce ya girgiza. Shi kuwa hawaye kawai ke zuba daga idonsa mai lafiya.

Aka yi abin da ake yi in ba shaida, aka raba gardama. Da yamma dattawa suka taka wurin, suka auna daga kaɗanya zuwa inda muka ce ɗorawa take, suka kafa turken ƙarfe a tsakiya. Rabin da ya tafi shi ne mai damshi, na kusa da lanƙwasar rafi. Muka kama hanyar gida. Inna ta tambayi Yaya ko ya ba masu awo ruwa, shi ke nan.

Bayan mako uku aka yi ruwan shuka. Na nemi hutun kwana biyu na zo taya ta, ba don ta kira ni ba. Da sassafe muka sauka gayauna, ita a gaba da ƙwaryar iri a ƙugu, tana sara da 'yar fartanya, ta jefa ƙwaya, ta take da diddige. Shekara arba'in ƙafarta tana bin layukan nan, ba ta bukatar ɗaga kai. Ni ina baya ina fama da nawa layin, ƙasa tana manne mini a silifa. Da na ɗago sai na ga turken ƙarfen yana bayanta. Ta wuce shi tana ta tafiya, tana sara, tana jefawa, tana takewa. Can sama ɗaya daga 'ya'yan dattijon ya tsaya da fartanya a kafaɗa yana kallo.

Na ce, "Inna. Inna, tsaya nan."

Ta tsaya. Ta juyo ta dube ni, ta dubi turken, ta dubi ƙasar da ke ƙarƙashin ƙafarta.

"Nawa na wuce?"

"Layi uku, Inna."

Ta ajiye fartanyar. Ta tsuguna a hankali, hannu ɗaya a gwiwa, ta fara tone ramukan da yatsa, tana fito da gyaɗar ƙwaya-ƙwaya, tana goge mata ƙasa a zani tana mayarwa cikin ƙwarya. Na tsallaka turken na durƙusa kusa da ita zan taya ta. Ba ta ɗago ba. Ta ce in bari, ban san inda ta sa su ba.